Ranar da Aka Goge wa Injiniya Sallau Iliminsa

Wani mutum ne a Tudun Gamji ana ce masa Injiniya Sallau. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya dawo daga Legas da jaka ɗaya da baƙin tabarau. Yana sauka a tasha 'yan kamasho suka ce, "A'a, Sallau, sannu da hanya!" Ya sauke tabarau kan karan hanci, ya dube su sama da ƙasa, ya ce, "Injiniya dai." Shi ke nan suna ya zauna daram.

Gaskiyar maganar kuwa, dako ya yi a kasuwar kayan wuta. Lasifika kam ya san ta, amma da tsakar kansa ya san ta. Ya san mai nauyi, ya san mai sa ciwon wuya, ya san wadda ke buƙatar gammo biyu. Waya ɗaya dai bai taɓa jonawa ba tun da uwarsa ta haife shi.

To amma ka same shi a teburin mai shayi da safe, ya tanƙwashe ƙafa, ya jefa goro a baki.

"Ni fa da kuke gani," in ji shi, "na taɓa saita sauti a filin ƙwallo. Maɓalli ɗaya na murɗa, jirgin ruwa da ke can tsakiyar teku ya amsa da oda. Bature suka kawo ya kasa. Na ce masa matsa, yaro. Na ɗauki wayar na ɗanɗana a harshe, na ce wutar nan ta yi tsami, a canza ta."

Mutane su ce, "Ikon Allah!"

In wani ya kawo masa rediyo gyara kuwa, sai ya kawar da kai. "Kai wa yara. Hannuna ya saba da manyan kaya. In na taɓa wannan 'yar abar, narkewa za ta yi."

Haka ya ci zamaninsa lafiya lau, domin duk garin babu abin da ya fi rediyo girma.

Ana nan sai ƙungiyar ci gaban gari ta kammala ginin ɗakin taro, 'yan garin da ke birni suka aiko da kaya mota guda. Lasifikoki manya kamar rumbu, makirufo mai waya da mara waya, kyamara, majigi mai haska hoto a bango, da wata shimfiɗeɗiyar na'urar haɗa sauti da ake kira mikisa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Nuhu Maigishiri, ya sa aka yi shela: ana neman masu aikin sa kai da za a koya wa sarrafa kayan. Wanda ya fi nuna ƙwarewa ranar buɗe ɗakin, a gaban Dagaci, shi za a damƙa wa makullin ɗakin kaya, shi zai riƙa zama a teburin na'ura a kowane taro.

Labari na isa teburin shayi, duk idanu suka koma kan Sallau.

"Injiniya, ga manyan kayan sun zo!"

Goron da ke bakinsa ya kusa sarƙe shi. Ya yi tari, ya buga ƙirji, ya ce, "Makulli ai nawa ne. Sai dai su yi bitarsu don yara su samu abin yi."

Wadda aka gayyato ta ba da horon wata ma'aikaciyar gidan rediyo ce, Malama Zuwaira, 'yar siririya mai sanyin murya. Masu sa kai suka hallara, cikinsu har da Tabawa tela, mace mai baki kamar almakashinta, da Lado mahauci, wanda yatsansa ɗaya ya kai kaurin taɓarya. Sallau ya zo daga baya. Bai zauna a benci ba. Kujerar roba ya ja bakin ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Malama ta ce, "Baba, bismilla, matso ciki mana."

"A'a, 'yata, ci gaba. Ni duba ki na zo yi. In kin yi kuskure zan yi gyaran murya."

"To madalla. A ina Baba ya yi aiki?"

"Legas."

"Wane gidan?"

"Duka."

Tabawa ta ce, "Malama, ki bi a hankali. Wannan da kike gani, wuta yake lasa."

Aka yaye ƙyallen da ke kan mikisa. Sallau ya leƙo ta saman tabarau. Maɓallai ne jere-jere, sahu-sahu, ja da shuɗi da fari, sun fito wa na'urar kamar ƙyanda. Shi da ya zaci abin kunnawa ɗaya ne da na kashewa ɗaya! A Legas cikin kwali yake ɗaukarta, bai taɓa ganin fuskarta ba.

Malama ta fara. Ta nuna wani dogon maɓalli na turawa a gefen dama. "Wannan ita ce uwar sauti. Kafin ka taɓa komai, ka fara sauke ta ƙasa. Kada kuma wanda ya kai makirufo gaban lasifika, in ba haka ba za ta yi kukan da sai kun toshe kunne."

Sallau ya yi gyaran murya.

"Baba, na yi kuskure ne?"

"A'a. Amma kin kusa."

Haka aka yi ta tafiya. Lado ya koyi naɗe waya ba tare da ya murɗe ta kamar hanjin sa ba. Tabawa ta koyi saita kyamara. Kowa ya zo ya riƙe makirufo ya ce "gwaji, gwaji", ya ji muryarsa ta fito ƙatuwa, ya yi dariya. Aka zo kan Sallau.

"Baba, ko za ka nuna musu yadda ake jona wannan?"

"Ni? A gaban ɗalibai? Sai su karaya. Bar su su yi rarrafensu."

Da aka zo tashi Malama ta ɗago wani farin tsumma. "Abu na ƙarshe, kuma kullum. Ƙura ita ce ajalin kayan nan. Duk ranar da aka gama aiki, a goge su tas, a rufe. Tabawa, na ba ki wannan."

Sallau ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "An zo koyon injiniyanci an ɓuge da shara! Tabawa, Allah ya sanya alheri, kin samu digirin tsumma."

"Amin," in ji Tabawa. "Gara ni, an ga nawa."

Sallau ya yi dariyar a fili, amma da ya kwanta da dare sai ya shiga lissafi. Ranar buɗewa na matsowa. In ya ce a koya masa, Injiniya ya mutu. In ya zauna a teburin nan bai san komai ba, Injiniya ya mutu, kuma a gaban Dagaci za a yi jana'izar. Ya juya nan, ya juya can. Sai dabara ta faɗo masa, har ya yi wa kansa kirari.

Ya lura kowane maɓallin murɗawa yana da ɗan farin layi mai nuna inda aka tsayar da shi. To me ya rage? In Malama ta saita komai daidai, sai mutum ya sa alama a inda kowane layi ya kalla. Ko aljani ne ya zo ya hargitsa, sai ka mayar da layi kan alama. Ilimin da ake ta wahalar da mutane a kansa ke nan?

Ranar ƙarshe ta bita, Malama ta saita kayan, sauti ya fito garau kamar ruwan randa. Aka kira azahar, kowa ya nufi masallaci.

Lado ya ce, "Injiniya, mu je."

"Ku yi gaba, ina da alwala. Bari in ɗan saurari numfashin na'urar nan."

Suna fita ya rufe ƙofa. Ya ciro jan goro daƙwalwa ya gartsa, ƙarau! Ya tauna, ya tauna, har ya yi jajir. Ya zaro tsinken tsintsiya. Ya dangwala a baki, ya ɗiga a gefen maɓalli. Dangwal, ɗis. Dangwal, ɗis. Ya bi sahu-sahu, gumi na zuba, bai tsallake ko ɗaya ba. Goro ya ƙare ya gartsa wani. Da ya gama ya ja da baya ya duba aikinsa: ɗigo ƙanana, jajaye, in ba ka sunkuya ba ba za ka gani ba. Ya hura musu iska suka bushe.

"Legas ke nan," ya ce wa na'urar.

Da a ce nan ya tsaya, da wataƙila ya sha. Amma mai cika baki in ya samu tudun dafawa, sai ya nemi hawa rufin ɗaki. Ko sallamar bita bai jira ba, ya zarce shagon Alhaji Maigishiri.

"Alhaji, gobe ina son a yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan."

"Ina jin ka, Injiniya."

"A gaban Dagaci, a sa wani ya hargitsa mikisar nan. Ya murɗe komai, ya birkita ta kamar kayan gwanjo. Ni kuma in zauna in mayar da ita daidai, kafin a shanye kofin shayi."

"Anya? Malama ta ce saita ta na ɗaukar lokaci."

"Malama yarinya ce. Sannan a kafa kyamara a kan hannuwana, a haska a bango, kowa ya ga yadda ake aikin. Na can ƙarshen ɗaki ma kada a cuce shi. A kuma maƙala min ƙaramin makirufon nan a wuyan riga, don in riƙa yi wa jama'a bayani."

Alhaji ya ce, "Kai, wannan ai ya fi wasan kwaikwayo. An gama."

Daga nan Sallau ya wuce wajen mai guga da babbar rigarsa, ya bar ɗalibai can suna ta 'yan kintse-kintsensu na tashi.

Gari ya waye ranar kasuwa. Ɗakin taro ya cika ya batse, maza a dama, mata a hagu, masu leƙe sun toshe tagogi. An ɗaura wata lasifikar a kan rufi tana kallon kasuwa, don wanda bai samu shiga ba ya ji. Dagaci ya iso da rawaninsa, aka zaunar da shi a gaba, dab da babbar lasifika, wai don girmamawa.

Sai ga Injiniya. Babbar riga ta sha guga tana ƙara, hula ta karkace, tabarau na walƙiya. Malama ta maƙala masa makirufo a wuyan riga. Ya tsaya gaban teburin na'ura, wadda ke lulluɓe da ƙyallenta.

"Allah ya ja zamanin Dagaci," muryarsa ta cika ɗaki ta fita kasuwa. "Jama'a, yau za ku ga bambancin wanda ya koya da wanda aka haifa da abin. Lado! Zo ka ɓata."

Ya juya wa teburin baya, ya harɗe hannuwa, don kada a ce ya leƙa.

Lado ya yaye ƙyalle. Da yake ɗan bita ne, sai da ya fara sauke uwar sauti ƙasa, ɗakin ya yi tsit. Sannan ya sa yatsun nan nasa. Ƙirr, ƙirr, ƙirr. Wannan dama, wancan hagu. Ya bi ta kamar yana gyaran tsire. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Injiniya, ga ta nan. Ko mai ita ba zai gane ta ba."

Tabawa ta juya kyamara, majigi ya haska. Ga mikisa a bango, faɗinta ya kai ƙofar gari.

Sallau ya juyo yana murmushi. Ya naɗe hannun riga ya aza a kafaɗa. Ya zauna. Ya miƙe yatsu suka yi ƙas-ƙas. Ya sunkuya.

Na'ura fes. Sai sheƙi take kamar yau aka ciro ta daga kwali.

Ya cire tabarau. Fes.

Ya mayar da tabarau. Fes.

Ya goge ido da gefen riga, ya kai hancinsa har yana taɓa maɓalli. Babu ɗigo, babu ɗan ɗigo, babu jikan ɗigo.

A bango kuwa jama'a na kallon wasu manyan hannuwa, kowane yatsa kamar icen girki, suna shawagi a kan maɓallai. Yatsa ya sauko zai taɓa ja, ya fasa. Ya koma kan shuɗi, ya fasa. Ya sosa bayan ɗayan hannun.

Wata tsohuwa ta ce, "Addu'a yake tofa mata ne?"

"Numfashinta yake saurare," in ji Lado.

Sallau ya ɗaga gefen na'urar ya karkata ta wajen hasken taga. Ya leƙa ƙarƙashinta. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, sai ka ce ɗigon zubewa suka yi.

Alhaji Maigishiri ya ɗago kofinsa ya kife shi. "Injiniya, shayi fa ya ƙare."

Malama Zuwaira ta matso a hankali, ta yi ƙasa da murya. "Baba, ko in taimaka?"

Nan fa Allah ya kawo masa mafita har gida. Amma ya ɗago ya ga Dagaci na kallonsa, ya ga 'yan teburin shayi jere a taga.

"Koma ki zauna, 'yata. Salon Legas ne. Sai an bari ta huce."

Ya ce a ransa, sauti dai ƙara ne, ƙara kuwa dama ake murɗawa. Ya yi bismilla ya kama. Wannan dama, har ƙarshe. Wancan dama, har ƙarshe. Ya bi sahu-sahu yana ƙure su. Bai ji komai ba. Sai idonsa ya faɗa kan dogon maɓallin nan na gefe. Ya tuna an taɓa cewa wani abu game da shi, amma lokacin yana gyaran murya. Ya sa tafin hannu ya tura shi sama gaba ɗaya.

Ƙiiiiiiiiiii!

Jama'a, ba a taɓa jin irin wannan kuka a Tudun Gamji ba. Kamar an taka wutsiyar kuliyoyi dubu a cikin tukunyar ƙarfe. Dagaci, da ke dab da lasifika, ya yi tsalle daga zaune, rawani ya warware ya rufe masa fuska. Jarirai suka tsala ihu. Masu leƙen taga suka zube ƙasa, tim! A kasuwa awaki suka tsinke igiya, jakin mai itace ya watsar da kaya ya nufi rafi, mai ƙosai ta bar kasko a wuta ta ranta a na kare. Ladan ya fito daga gida a guje ya zaci ranar alƙiyama ce ta zo.

Sallau ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya runtse ido, ya bar na'ura tana yanka.

Tabawa ce ta tsallake benci, ta miƙa hannu ta kan kafaɗarsa ta ja uwar sauti ƙasa zuwa rabi. Kukan ya ɗauke, ɗif.

Shiru. Irin shirun da kunne ke ta amsa kuwwa shi kaɗai. Dagaci na laluben bakin rawani. Kowa na duba ko kunnensa na nan.

Sallau ya buɗe ido. Da ya ji tsit, ya ɗauka na'urar ta mutu gaba ɗaya. Ya manta da abin da ke maƙale a wuyan rigarsa. Ya manta kuma, ko ma bai taɓa sani ba, cewa cikin maɓallan da ya ƙure har da wanda ke sa murya ta riƙa maimaita kanta. Ya sunkuyar da kai, haɓarsa a kan makirufo, ya cije haƙora ya yi ƙunƙuni:

"Wane la'ananne ne ya goge min goron da na ɗiɗɗiga?"

Lasifikokin ciki suka ɗauka. Ta kan rufi ta ɗauka ta miƙa wa kasuwa.

"GORON DA NA ƊIƊƊIGA... ɗiga... ɗiga... ɗiga..."

Ya zabura ya dafe baki. "Innalillahi!"

"LILLAHI... lahi... lahi..."

Tabawa ta riƙe haɓa. Ba ta buƙatar makirufo, Allah ya hore mata nata.

"Au! Goro ne? Wallahi na zaci kashin kyankyaso ne! Jiya na ga abu ja-ja a gefen kowane maɓalli, a jere kamar ɗinkin keke. Har na ce wa Malama kyankyason ɗakin nan ɗan boko ne, a layi yake yi. Sai da na jiƙa tsumma kafin ya fita. Ashe ilimin Injiniya ne na goge! Ka yafe ni, ban san a waje kake ajiye shi ba."

Ɗaki ya fashe. Lado ya faɗi daga benci yana riƙe da ciki. Mata suka cusa gyale a baki. Alhaji Maigishiri ya yi dariya har hawaye, ya lalubo makulli daga aljihu ya miƙa wa Tabawa. Malama Zuwaira ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Daga kasuwa ma ana jiyo shewa.

Sallau ya miƙe zai sulale. Ya fizgi makirufon, ya sarƙe a aikin wuyan riga ya ƙi fita. Numfashinsa na fita ta rufin ɗaki, fuu, fuu, fuu, duk gari na ji.

Sai Dagaci ya ɗaga hannu. Aka yi shiru da ƙyar. Ya gama naɗa rawaninsa a tsanake, ya sa ɗan yatsa ya kaɗa kunnensa na dama, ya kaɗa na hagu. Sannan ya zura hannu a aljihu ya ciro goro ɗaya, ja, ƙato, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Ungo, kai wa Injiniya," in ji shi. "Bawan Allah bai yi laifi ba. Kayan aiki ne suka ƙare masa."